Abin Da Baba Haru Ya Faɗa A Zariya

In ka tambaye ni garuruwan da ke tsakanin Hawandawaki da Kano, sai in yi ta kame-kame. Amma tambaye ni inda sabara ta yi duhu, inda kwazazzabo yake, inda akwai kangon gida a bakin hanya, ka sha labari. Abokan tafiyata idonsu na kan gari, ni nawa na kan inda zan tsuguna. Ku yi dariyarku, ni ma yanzu ina yi. A lokacin kam ko murmushi ba na iyawa.

Sunana Lawali, mutumin Maijirgi. Sana'ata tuƙin amalanken jaki, ina kai wa mutane gero da gyaɗa kasuwar Tasawa. A shekarar fari na biyu babu abin kaiwa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, jakin ya mutu, muka kife amalanken a gindin bedi. Soja ke mulki a gida, soja ke mulki a Najeriya, su kuma na can sun rufe iyaka. Duk da haka samarin garinmu ba su fasa tafiya cin rani ba, ta daji ake bi. Na bi su da ƙullin kayana da wata butar ƙarfe da Baba Haru ya rataya mini a kafaɗa.

Dole in gaya muku ko wane ne Baba Haru, don labarin nasa ne fiye da nawa. Ƙanen mahaifina ne. Ni ɗan fari ne a wurin wansa, Malam Idi, wanda ke zaune a wani ƙauye arewa da Mayahi. Ana yaye ni aka ɗauko ni aka ba Baba Haru riƙo, shi da matarsa Inna Habsu, don Allah bai ba su haihuwa ba. Na sani, sun sani, garin duka ya sani, amma ban taɓa jin wani ya furta ba. A wurinmu ɗan riƙo ba ya buɗe baki ya ce wanda ya riƙe shi ba ubansa ba ne, gara ma ya zage shi. Malam Idi kuwa, Baban Mayahi nake ce masa. In mun je gaisuwa yakan kau da kai, bai taɓa kiran sunana ba, kunyar ɗan fari. Ya rasu a fari na farko ina ɗan saurayi, aka ce yunwa ce, kamar yadda ake cewa a kan kowa a lokacin. Baba Haru shi kam sunana a bakinsa yake wuni. “Lawali! Lawali!” tun daga bakin rijiya har gona. Tsofaffin garin na zolayarsa, “Haru, kai ba ka jin nauyin sunan yaron ga?” Sai ya yi dariya ya ƙara ƙwalawa.

Ciwon ya soma mini tun da damina, in har za a kira wannan abin damina. Ciki ya murɗa, in ruga bayan gari, in ga jini da majina. To wa zai saurare ka? Shekarar kowa zawo yake yi, don dusa da ƴaƴan anza na daji muke ci. A ƙaramin gidan likita na kusa da mu aka ce atuni ne, aka ba ni ƙwayoyi masu ɗaci. Ya ɗan lafa, ya dawo. Maganar jinin ban gaya wa Baba Haru ba, wannan ba hirar ɗa da uba ba ce.

Wanda zai ƙetarar da mu iyaka wani dogo ne mai rawani, ya ce ya san dajin kamar tsakar gidansu. Tafiya yake kamar ana korarsa, ni kuwa ba a jimawa sai in ratse. “Kai mai buta!” in ji shi. “In jandarma suka riske mu saboda kai, wallahi nuna ka zan yi in wuce.” Da rana ta take ya tsaya ya nuna mana wasu itatuwan gawo a jere can nesa, ya ce daga nan Najeriya ce, shi iyakarsa ke nan. Ya karɓi ladansa ya juya. Muka isa gawon, muka tarar da rijiya da wata tsohuwa tana jan ruwa. Ɗaya daga cikinmu ya gyara murya irin ta Kanawa ya tambaye ta hanyar Daura. Ta dube mu sama da ƙasa ta ce, “Ku ne na yau? Ɗiyana, har yanzu ƙasar Tasawa kuke. Dogon nan ne ko?” Ta ba mu ruwa, ta nuna mana turbar masu raƙuma, ba ta karɓi komai ba. Har yau in na tuna dogon nan sai na ja tsaki.

A Daura muka hau bayan babbar mota, kan buhuna. Direban babbar mota ba ya tsayawa don mutum ɗaya, wannan na gane shi tun kafin mu tashi. Sai na koyi dabarar da ta zama tawa: in za a yi tafiya, kada in sa komai a baki tun jiya. Na shiga Kano da yunwa biyu, ta fari da wadda na ɗora wa kaina.

A Kano mutanenmu ga-ruwa suke yi. Garwa biyu, sanda a kafaɗa, daga famfo zuwa gidajen mutane. Muna kwana a wata rumfar kwano bayan kasuwa, kafaɗa da kafaɗa. Tun ranar farko aka ja mini kunne: kada ka ce lokotoro, ka ce likita, kada ka ce lakwal, ka ce makaranta, in ka ga soja ka canza layi. Ana kamen baƙi, ana loda su a mota a mayar da su iyaka. To ni ba wannan ya hana ni sukuni ba. A ƙauye in ciki ya murɗa daji na nan yana jiranka. A Kano ina za ka? Ko'ina katanga, ko'ina mutum. Gidan wanka na kuɗi ne, mai tsaron ƙofarsa ya gane ni har yana cewa in kawo tabarmata in tare. Abin da kafaɗata ta samo da safe, kafin la'asar na mayar da shi salga.

Ban iya zama wuri ɗaya ba. Ana hira ina kallon hanya. Ko salla nake, rabin hankalina na ƙofa, sahun ƙarshe nake tsayawa kusa da takalma. In kewar gida ta kama ni, Allah Ya yafe mini, ba furar Inna Habsu ke fara zo mini a rai ba. Filin bayan gonarmu nake tunawa, inda babu mai ganin ka sai tsuntsaye.

Wani mai magani a bakin tasha, da lasifikarsa da hotunan hanji, ya kalli idona kawai ya ce basir ne mai tsiro ta ciki. Ya ba ni jiƙo a kwalba, ya ce in sha in ga abin da zai fita. Na gani kuwa. Sai da abokai suka ɗauko ni daga bakin kwata ranga-ranga. Da na sami ƙarfin komawa nemansa, wani mai rake ne zaune a wurin.

Cikin gidajen da nake kai wa ruwa akwai na wata Bayarabiya mai sayar da kwanuka, ana ce mata Iya Mulika. Mace ce mai faɗa, in ta ɗaga murya har layi na gaba ana ji. Wata rana da hantsi na ɗauko mata ruwa. Ina dab da ƙofarta, ga mata zaune suna tsintar shinkafa, ga masu shago, ga ƴan mata da tallarsu, abin ya zo mini babu sallama. Na tsaya cak da garwa biyu a kafaɗa, ina jin shi yana bin ƙafata. Na roƙi Allah ƙasa ta tsage in shige. Iya ta dube ni, ta dubi ƙafata. Sai kawai ta taso da masifa.

“Kai wane irin ga-ruwa ne? Tun safe nake jira!”

Ta bangaje garwar gaba, ta kama ta baya ta juye mini ita daga ƙugu har ƙasa. Mutane suka kwashe da dariya, wai Iya ta yi wa ɗan Faransa wanka, haka suke kiran mutanen ƙasarmu. Ta ja ni cikin gida tana ta zagi. Muna shiga ta bar zagin. Ta miƙo mini sabulu da tsohon wandon mijinta, ta nuna mini makewayi, ta ce cikin Hausarta mai lanƙwasa, “Daga yau ƙofar nan ba a kulle maka. Ba sai ka yi sallama ba.” Na shiga makewayin nan na yi kuka har na gaji.

Ita ce ta tura ni wani ƙaramin asibiti a unguwar. Likitan saurayi ne, layi a bayana har waje. Ya tambaye ni tun yaushe, sau nawa a wuni, da jini ko babu. Sannan ya ce, “Mahaifinka yana da rai?”

“Yana nan,” na ce.

“Lafiyarsa fa?”

“Ya fi ni ƙarfi. Shi kaɗai yake ɗaga damin gero ya aza a ka.”

“Akwai mai irin wannan ciwon a gidanku?”

“Babu.”

To me zan ce? An ce mahaifi, wanda ya zo mini a rai shi na faɗa. Kuma ko an sa mini wuƙa a wuya ba zan zauna gaban baƙo a garin mutane ina rage wa Baba Haru matsayi ba. Ya rubuta mini maganin atuni, irin na gida, launin kwalin ne kawai ya bambanta.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Garwar da nake cikawa ta koma rabi, daga baya sandan kansa ya yi mini nauyi. Gwiwoyina suka kumbura, bakina ya yi gyambo, wando ya daina zama a ƙuguna sai da igiya. Na daina fita aiki, sai dai daga rumfa zuwa gidan Iya, daga gidan Iya zuwa rumfa. Wani ɗan garinmu da ya koma gida shi ya kai labari.

Ina kwance da azahar na ji ana ƙwala kira daga bakin layi. “Lawali! Lawali na Maijirgi!” A garin da ake kamen baƙi fa! Baba Haru ne. Abokaina suka ruga suka jawo shi ciki. Ya sayar da amalanken, ya biyo turbar raƙuma, ƙafafunsa duk faso. Ya shigo yana faɗa, wai mi ya hana ni aikowa, wai ni ɗan banza ne mai taurin kai. Sai idonsa ya sauka a kan wandon da na shanya a igiya, wanda wanki ya kasa fitar da tabonsa. Faɗan ya tsaya a nan.

Ya tsuguna kusa da ni. “Da majina yake zuwa?” Na ce e. “Yakan kwanta wata da watanni, sannan ya taso?” Na ce e. “Gwiwa?” Na nuna masa. Ya taɓa, ya janye hannunsa da sauri.

“Baba, ina ka san duk wanga?”

“Tashi ka sha kunu,” ya ce.

Iya Mulika ta ce ƙananan asibitoci sun gama nasu, mu tafi Zariya, akwai babban asibiti inda ake leƙa cikin mutum. Ta ƙulla mana gari da ƙuli-ƙuli. Ta wanke Baba Haru tas a kan ya bar ɗansa ya lalace a garin mutane, shi kuwa yana durƙushe yana cewa an gode, an gode.

Motar Zariya ƙaramar bas ce, an cusa mu har ba wurin motsa ƙafa. Ba mu yi nisa ba na ce, “Baba, zan sauka.” Direba ya ce ba ya tsayawa sai tasha. Baba Haru, wanda ban taɓa ganin ya yi sa-in-sa da baƙo ba, ya dinga dukan rufin motar da tafin hannu har direban ya taka birki yana zagi. Wurin fili ne fetal, ko kalgo babu, fasinjoji duk sun zubo ido ta taga. Baba ya tuɓe babbar rigarsa, ya ware ta da hannu biyu, ya ba ni baya, ya tsaya tsakanina da motar. Haka ya yi a duk inda muka tsaya, kuma mun tsaya da yawa. Daga baya ma wata mata ce a bayanmu ke cewa, “Direba, tsaya, yaron nan ya fara mutsu-mutsu.”

Asibitin gari ne guda. A bakin ƙofa wani mai farar riga ya ce zai samo mana kati ba layi, ya karɓi abin da ya karɓa, ya shiga ta nan ya fita ta can. Ashe shi ma baƙo ne kamarmu, rigar ce kawai. Muka tare a gindin wani mangwaro tare da sauran masu jinya, Barebari da Tibi da Fulani, kowa da tukunyarsa. Aka ɗebi jinina, aka karɓi bayan gidana a kwalba, aka ce mu jira. Jira kuwa shi ne abin da ban iya ba. Na zagaya mangwaron nan har na san saiwoyinsa.

Likitan da aka kai mu wurinsa dattijo ne mai furfura a gemu, yana Hausa a hankali, ka san ba da ita ya tashi ba. Ya ce sun duba ba su ga ƙwayar atuni ba, amma takan ɓuya. Ya danna cikina, ya duba bakina da gwiwoyina. Sannan ya nuna Baba da alƙalami.

“Wannan wane ne?”

“Babana ne.”

“Shi ya haife ka?”

Ka ji tambaya! A gabansa kuma. Na ce, “E.”

“Malam, ka taɓa yin irin wannan ciwon?”

“Ban taɓa ba,” in ji Baba.

“Mahaifiyarsa fa?”

“Lahiya lau take.”

Likita ya jinjina kai. Ya ce akwai wani ciwo da yake tunani, amma ba kasafai suke ganinsa a nan ba. Na'urar leƙa hanji ɗaya ce, masu jiranta kuma da yawa. “Da akwai wani a jininsa mai irin wannan, da na sa shi gaba. Tun da babu, za mu sake gwada maganin atuni mai ƙarfi. Ku dawo bayan wata guda.”

Wata guda. Garin Iya ya ƙare, abin da amalanke ya bari ya kusa, ni kuma ko komawa gindin mangwaro sai an riƙe ni. Na san ba zan ga watan nan ba, na kuma san Baba ya sani. Na dafa kujera zan miƙe.

“Lokotoro, dakata.”

Baba bai dube ni ba. Ya cire hularsa yana murza ta a hannu.

“Yaron ga ba ni na haihe shi ba.”

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Abu ne da na sani tun ina wasan ƙasa. Amma da na ji shi da muryar Baba, sai na ji kamar an fitar mini da kaya waje an rufe ƙofa.

“Ɗan wana ne, Idi,” ya ci gaba. “An ce yunwa ta kashe shi. Yunwa ta taras da shi dai, amma ba ita ta soma ba. Shekara da shekaru yana zubda jini, ya kwanta, ya taso, gwiwoyi su kumbura, kamar wanga. Ni na yi jinyarsa, ni nake kai wandonsa bayan gari in wanke don kada mutane su gani. Ƙanwarmu Tsahara ma haka take, tana gidan miji, ba ta gaya wa kowa ba sai ni.” Ya ƙara murza hular. “Na ɗauka in ya sha ruwan gidana ya girma, abin ba zai san inda yake ba.”

Likita ya ajiye alƙalaminsa. Ya ce, “Malam, wannan maganar ita nake nema.” Ya kira ma'aikaciya, aka ba ni gado a ranar.

Awon ba zan yi muku ƙarya ba, ba daɗi. An kwantar da ni a gefe, aka shigar da wani bututun ƙarfe mai fitila ta ƙasa, suka ɗan tsinko tsoka daga ciki don su auna. Na kira Allah da duk sunayensa da na sani. Bayan ƴan kwanaki dattijon ya zo ya zauna a bakin gadona. Ya ce babban hanjina ne ya kumbura ya yi gyambo, tun daga ƙasa ya haura. Babu tsutsa a ciki, babu hannun kowa, anza ma ba ruwanta. Jikin ne da kansa ke faɗa da hanjinsa. Ba a ɗaukarsa a kwano ko a buta. Yakan bi jini a wasu gidaje, amma ba kowa yake kamawa ba, a ɗaki guda sai ya taɓa ɗaya ya bar saura. Ba ya warkewa ƙaf, sai dai a kwantar da shi, in na riƙe magani na kuma dawo awo. Ya faɗi sunansa da Turanci, na ce ya bar shi, ni dai tun da yana da suna ya ishe ni. Ya ce a kai Gwaggo Tsahara asibiti, a gaya musu abin da Baba ya gaya masa ba ragi.

Aka ɗora ni a kan wasu manyan ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa, har fitsarina ya koma ruwan ɗorawa. Jinin ya ragu, ya tsaya. Akwai ranar da na sallame sallar la'asar, sai na ga ashe tun daga kabbara ban waiwayi ƙofa ba. Ƙwayoyin nan sun wahalar da ni daga baya, in babu a Maraɗi sai an aika Kano, ciwon kuma yakan taso ya gwada ni. Amma ga ni, na tsufa. Gwaggo Tsahara ma ta ga jikokinta. Cikin ƴaƴana ɗiya ɗaya ya taɓa, kuma ranar da na kai ta ban jira tambaya ba, na zayyana wa likita gidanmu kaf, da masu rai da matattu.

Amma bari in koma Zariya, don can ciki ya kwanta, hankali bai kwanta ba.

Tun daga ɗakin likitan nan Baba bai sake kiran sunana ba. Ya kawo kunu ya ajiye, ya ce, “Kai, sha.” In zai tambayi ma'aikaciya sai ya ce, “Mai gadon can fa?” In na dube shi ya kau da kai. Na kasa kunne, na yi ta kasa kunne. Ranar da aka sallame mu, da gangan na yi nisa cikin tasha don ya neme ni. Ina hangensa ta bayan wata mota, ya tsaya yana waige-waige, ya buɗe baki ya rufe, daga ƙarshe sai ya soma tafi da hannu. Mutumin da ya ƙwala sunana a tsakiyar Kano! Na ce a raina shi ke nan, ya faɗa da bakinsa, ya kuma gaskata abin da ya faɗa. Na sami sunan ciwo na rasa uba. Raina ya ɓaci, har fushi na yi. Wa ya aike shi? Da ya bar ni na mutu ɗansa.

Haka muka biyo ta Kano muka yi wa Iya ban kwana, haka muka bi turbar raƙuma, shi a gaba ni a baya, butar ƙarfe na lilo a kafaɗata ba aikin yi. Wuraren da na tsuguna a zuwa duk na gane su, na wuce su ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata in yi murna. Ni dai ƙeyarsa nake kallo.

Mun iso Maijirgi hadari ya fara haɗuwa ta gabas, mutane na gyaran gona da ɗan irin da ya rage. Na daure na ƴan kwanaki, na kasa. Na sami Inna Habsu a tsakar gida tana dakan jar dawar da aka raba mana ta taimako.

“Inna, mi na yi wa Baba?”

“Ya ce ka yi mashi wani abu?”

“Tun Zariya bai kira sunana ba. In don maganar da ya gaya wa lokotoro ne, ni ban sa shi ba.”

Ta tsayar da taɓarya. Ashe ya gaya mata komai. Ta dube ni.

“Lawali, ciwon ya taɓa maka kai ne? Idi ya taɓa kiran sunanka?”

“A'a.”

“Don mi?”

“Don ni ne ɗansa na fari, shi ya...”

Na tsaya. Ashe kunyar ɗan fari ce Baba ya soma yi mini.

“To,” in ji Inna. Ta share ido da gefen kallabinta, ta ɗauki taɓarya. “Ni ma ya ce in bar kiran sunanka. Na ce mashi sai a hankali, bakina ya saba.”

Baba Haru ya yi shekaru bayan haka, har ƙasa ta rufe idonsa bai sake furta Lawali ba. Amma ranar nan, ina tsaye gaban turmi na rasa inda zan sa fuskata, sai na ji muryarsa daga zaure, da ƙarfinta na da, wadda ake ji har bakin rijiya.

“Kai wannan! Ka sha ƙwayarka?”

Na ce, “Na sha, Baba.” Ban sha ba. Na ruga ɗaki na sha.